Inci Ɗaya da Kwata

Ranar da aka yi ruwan, Decamma ba ta gida. Ta tafi birnin Madikeri karɓo wa mahaifinta maganin hawan jini, can kuwa ko ɗigo bai sauka ba. Sai da bas ta sauke ta a bakin hanya da la'asar ta ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta tsaya da jaka a hannu tana kallon sama. Tsakiyar Janairu ake ciki. Rabin 'ya'yan kofin da suka tsinka bana yana shanye a kan daɓe, ruwan fure kuwa, wanda ke sa bishiyar kofi ta yi fure, ba a sa ransa sai ƙarshen Fabrairu.

Ta tarar da mahaifinta, Kushalappa, zaune a baranda ya miƙe ƙafa, rigarsa a jiƙe, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir. An tattara kofin, an rufe da tamfol, an danne da duwatsu.

"Appa, kai kaɗai ka kwashe wannan duka?"

"Da wa zan kwashe? Ke kina birni kina shan iska." Ya ɗaga yatsa. "Inci ɗaya da kwata."

"Na me?"

"Na ruwa mana, na me kuma? Na auna, na zubar, na buga wa Somayya na ƙungiya waya ya rubuta."

Ta dubi kwalbar awon ruwan, tana zaune a mazauninta a tsakiyar daɓe, babu komai a ciki. In maganarsa haka take, abin murna ne ko da lokacinsa bai yi ba. Ƙullin furen kofi barci yake yi a jikin reshe, yana jiran ruwa. In ya sami inci guda sai ya farka ya kumbura, a kwana na takwas gona ta wayi gari fari fat. In kuwa yayyafi ne kawai, farkawar zai yi, amma ba shi da ƙarfin buɗewa. Sai ya yi ja-ja, ya ƙandare, ya zube. Furen da ya zube ba ya dawowa, kofin baɗi ke nan ya tafi. Eka uku gare su, kuma da su suke ci.

Washegari, Talata, ta shiga gona da sassafe. Ganye ya wanku, ƙura ta sauka daga jikin masoron da ya nannaɗe itatuwan inuwa, ko'ina sai sheƙi. Ta tsuguna a gindin wata bishiyar kofi, ta share busassun ganye, ta luma yatsa a ƙasa. Laima ta tsaya a gaɓar farko. Daga nan kuma gari ne, busasshe kamar an tankaɗe. Ta gangara wajen rafi ta gwada, ta hauro wajen shinge ta gwada. Ko'ina haka.

Ta koma gida ta same shi yana karyawa da gurasar shinkafa da baƙin kofi mai mazarƙwaila.

"Appa, ƙasar nan ba ta jiƙu ba."

"Shanyewa ta yi. Ke in kika yi wata biyu ba ki ga ruwa ba, za ki bar saura a moɗa?"

"In ta shanye ai a cikinta zan same shi."

"Shekara arba'in da ɗaya ina karanta kwalbar nan, Deci. Yatsanki shekararsa nawa a bakin aiki?"

Abin da ya ɗaure mata kai shi ne mahaifinta ba ya ƙarya a kan ruwa. Yana iya ƙara wa aladen dajin da ya harba a samartaka girma duk shekara, amma kwalbar nan a wurinsa kamar rantsuwa take.

Ta ɗauki waya. Matar da ke ƙetaren hanya ta ce su ko shanya ba su kwashe ba. Wata a gefen wurin bauta ta ce inci biyu suka samu, har ruwa ya shiga ɗakin girki. Shekara biyar ke nan ruwa ya koma haka, ya jiƙa wannan gona ya tsallake waccan, ba wanda ya isa ya ƙaryata wani. Daga ƙarshe ta tambayi na Punaca, maƙwabcinsu da take kira Mawa, wato kawu, wanda shinge kaɗai ya raba gonarsa da tasu. Aka ce mata inci ɗaya da rabi.

Punaca da mahaifinta tun suna makaranta suke ja-in-ja, ko a kan ranar kasuwa ba sa yarda da juna. Ga shi kwalbarsu biyu sun faɗi abu kusan ɗaya. To ita ce ba ta iya tona ƙasa ba?

Ranar Laraba ƙullin ya fara motsi. Wasu sun yi tsawo kamar ƙwayar shinkafa, farare masu ratsin kore. Wasu kuma bakinsu kamar an ɗan taɓa da jan alli. Ta juya reshe ta fuskar rana, jan ya ɓace. Ta juya shi inuwa, ya dawo. Ta karya reshen, ta ƙulle ƙasa a bakin gyale, ta nufi rumfar ƙungiya.

Shekara huɗu da suka wuce, bayan ruwan fure ya yaudare su sau biyu a jere, gidaje ashirin da shida suka haɗa kai suka haƙa tafki a kwari, suka sayi inji guda da bututu da kawunan feshi. Ruwan tafkin ba ya isa kowa ya yi yadda ya ga dama, don haka ake jefa ƙuri'a a jera sunaye. Wanda yayyafi ya tayar wa fure bai ƙosar da shi ba, shi ake fara kai wa inji. Wanda ya sami inci ko fiye, ya koma ƙarshen layi.

Somayya ke riƙe da layin. Tsohon malamin makaranta ne, ya koyar da ita lissafi a aji biyar, amma kowa Anna yake ce masa, wato yaya. Ta same shi da waya a kunne, yana ce wa wani ya yi haƙuri, inji ba shi da fuka-fuki.

"Anna, ina so a dawo da mu gaba."

"Ku? Ku da kuka sha kuka ƙoshi? Jiya Appanki ya saya wa kowa shayi a kan incinsa ɗaya da kwata."

Ta kwance gyalen a kan benci, ta ajiye reshen kusa da ƙasar. Ya sa tabarau, ya ɗaga reshen, ya jujjuya.

"Wannan ja ne ko idona ne?"

"Abin da na zo tambayarka ke nan."

"A ƙarshen Fabrairu na san kamannin kowane ƙulli. A Janairu ban taɓa ganin ya farka ba. Wataƙila sanyin safiya ne ya rina shi." Ya murza ƙasar da yatsa. "Ita kam ba ta yi kama da ta sha inci ba. Amma a ina kika ɗebo? Gindin bishiya ko fili?"

Ta buɗe baki, sai ta ga ba ta tuna ba.

"Kin gani. Tun jiya mutum bakwai suka zo, kowa rabin inci. Har da wanda na san ko gajimare bai bi ta kan gidansa ba. Shi ya sa muka ce lambar da aka fara faɗa ita ce lamba. Ba mai canza ta sai wanda ya karanta, a gaban mutane, ya faɗi dalili. Ke ma kin ɗaga hannu ranar."

Ta ɗaga kuwa, har tana cikin na farko.

"Kwana nawa ƙullin zai iya jira?"

"Masanin da ya zo bara ya ce huɗu ko biyar. Ko shida ya ce? Shi ma dai maganar Fabrairu yake yi."

Ta dawo gida ba ta san abin da ta je ta samo ba. Da yamma ta sake tona rami shida, uku a fili uku a gindin bishiya, har ta fara ganin kamar akwai ɗan sanyi a can ƙasa. Da ta sa bayan hannu kuma ta ji babu.

Ranar Alhamis da hantsi tana bin layin da ke bakin shinge, sai ta ga hannu ya zuro ta tsakanin ƙaya yana lanƙwaso reshen kofinsu. Punaca ne, da sandarsa da hular ulu duk da zafin rana. Da ya gan ta ya saki reshen kamar ya taɓa wuta.

"Mawa, ina kwana. Naka furen bai ishe ka kallo ba?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Dubawa nake in ga abin da inci ɗaya da kwata ke haifarwa. Mu masu ɗaya da rabi ba mu san wahalar talakawa ba." Ya yi dariya, ba ta kai ciki ba. "Ina Appanki, gwanin gudu? Ranar Litinin daga kan tudu na hango shi. Shekara saba'in da biyu, ya rungumi kwalba kamar jariri yana tsallen tamfol. Na ce yau ko dai ƙafa ko dai kwalba."

"Ya rungumi kwalba?"

"Da hannu biyu. Tana tare masa hanyar jan tamfol, ya sure ta ya yi wajen ɗakin ajiya." Ya gyara hula, ya kalli gefe. "Ni kuwa Deci, kawunan feshin nan na ƙungiya, in an dasa su nan bakin shinge, ruwan yana ƙetarowa kuwa? Tambaya ce kawai."

Ta bar shi nan tsaye. Ta zagaya bayan daɓe, ta tsaya jikin ɗakin ajiya. A ƙasan indararon rufin kwano ƙasa ta zaizaye ta yi ɗan rami, a tsakiyarsa kuma ga shatar gindin kwalba, zagaye tsaf. Ta daɗe tana kallo. Duk shekarun nan ruwan fure bai taɓa tarar da kofi a kan daɓe ba. Kafin ya zo an gama shanya an ɗure a buhu, daɓe ya zama fili, ba abin da zai sa a taɓa kwalba. Bana ne kaɗai ruwa da shanya suka haɗu.

Ta samu mahaifinta yana juya kofi da mayayi na katako.

"Appa, ranar Litinin a ina kwalba ta sha ruwa?"

Mayayin ya tsaya, sannan ya ci gaba.

"A gidan nan."

"A ƙarƙashin indararo."

"Kusa da shi. Ba ƙarƙashi ba."

"Na ga shatar."

Ya jingina da mayayin. "To ruwan indararo daga ƙasa yake fitowa? Ba daga sama ya zo ba?"

"Appa."

"Minti nawa ne duka? Na ajiye, na ja tamfol, na danne, na dawo na ɗauka." Ya dubi ƙafafunsa. "Sai da na kwanta abin ya faɗo min. Na ce wataƙila ɗan kaɗan ne ya shiga. Da safe kuma na ji Punaca ya ce ɗaya da rabi, sai na ce ashe ma ragi na yi."

"Mu je wurin Somayya ka faɗa."

"In tsaya gaban mutane in ce na auna rufin kwano? Wannan tsohon biri yana zaune yana ji? Har a wurin ƙona gawata sai ya ba da labarin."

"Furen fa?"

"Fure ya sha ruwa. In na yi kuskure, Punaca ma kuskure ya yi? Shi ba shi da shanya a daɓe, tun makon jiya ya gama."

Nan ta sake rikicewa. Gaskiyarsa ne. Kwalbar Punaca ba wanda ya motsa ta. Ko dai an yi incin ne da gaske, indararon bai ƙara komai ba? Ta zauna a kan buhu, ta dafe kai. Sai hannun nan da ya zuro ta cikin ƙaya ya dawo mata, da tambayar da aka ce tambaya ce kawai. Mutumin da gonarsa ta sha inci ɗaya da rabi, me zai yi da feshin maƙwabci?

"Appa, wa ya fara faɗin lambarsa, kai ko Mawa?"

"Ni mana. Shi kullum sai ya ji tawa."

Ya faɗa, sannan ya ji abin da ya faɗa. Ya ajiye mayayin a hankali. Decamma ta ga fuskarsa tana washewa kamar ta ranar Litinin.

"Ɗauko min rigata mai tsabta."

Sun tarar da mutum kusan goma a rumfar ƙungiya, kowa da kukansa. Punaca na zaune a ƙarshen benci, ba ya cikin masu magana, bai kuma tafi ba. Kushalappa ya tsaya a tsakiya, ya gyara murya.

"Somayya, goge lambata. Na matsar da kwalba don in ja tamfol, ta sha daga indararo. Kuskure ne, na yi shi, na faɗa."

Wani daga baya ya ce, "Shayin da muka sha fa, mu mayar?" Aka yi dariya. Kushalappa ya bari ta lafa.

"Ni rufi ne ya ƙara min. Ina so in ji wanda ya ƙara wa maƙwabcina."

Aka juya ga Punaca. Ya dubi sandarsa.

"Kwalbata lafiyarta ƙalau."

"Ba kwalba na tambaya ba. Bakin da ya karanta na tambaya."

"Kai da ba ka san bambancin sama da kwano ba, kai za ka tuhume ni?"

"Mawa," in ji Decamma. Muryarta ta fita a hankali, sai da ta sake. "Mawa, ba mu da lamba yanzu. Tamu ta lalace. Taka kaɗai ce ta ga ruwan da ya sauka a gefenmu. In ɗaya da rabi ne, mu koma gida mu kwanta. In ba haka ba ne, gonarka da tamu tare za su zube."

Punaca ya cire hula, ya share kai, ya mayar.

"Akwai rabin a ciki," ya ce.

"Ɗayan fa?" in ji Somayya.

"Ɗayan na wannan ne, aro na yi." Ya nuna Kushalappa da sanda. "Rabin ma bai cika ba. Kwata ne da ɗan wani abu. Ya zan yi? Mutum yana rabon shayi a kan ɗaya da kwata, ni in ce kwata? Shinge ne fa tsakaninmu. Na ɗauka kwalbata ce ke yoyo. Jiya har ruwa na zuba mata na zauna ina gadi."

Dariyar wannan karon ta fi ta farko. Kushalappa ya fi kowa, har da riƙe ciki. Decamma ba ta yi ba, Somayya take kallo, shi ma kuma bai yi ba. Ya jawo takardar layin, ya bi da yatsa.

"Inji yana can bayan tudu a gonar mutanen da suka faɗi gaskiya tun ranar Litinin. Ba zan cire shi ba. Gobe ma nasu ne. Lahadi akwai gida biyu da ke jira. Asabar kaɗai zan iya matsawa in ba ku, ita ma sai waɗannan sun yarda."

Aka yi ƙananan maganganu. Wata mata ta ce a ba su, amma a rubuta cewa baɗi ba mai faɗin lambarsa a shagon shayi kafin ya faɗa wa Somayya. Aka amince.

"Yini ɗaya eka biyu yake jiƙawa," in ji Somayya. "Ku biyu kuna da shida. Eka ɗai-ɗai ke nan, kuma daga bakin shinge za a ja bututun, don ba lokacin kwance bututu a sake ɗaurawa."

"Gefen rafi ya fi 'ya'ya," in ji Decamma. "Na bakin shinge tsofaffin itatuwa ne."

"Na sani. Bututun zai iya shiga layi goma sha biyu daga shinge, ko ya miƙe ta tsakiya ya gangara, ya ɗauki layi huɗu kacal har rafi, don nisa zai cinye sauran bututun. Ki zaɓa, ki sa alama kafin gobe da yamma."

"Asabar kwana na shida ne, Anna."

"Na biyar, in ba a ƙirga Litinin ba."

"Ana ƙirga ta?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya mayar da waya kunne.

A hanyar gida tsofaffin biyu suna gaba, suna gardamar wanda za a fara buɗe wa ruwa. Decamma ta bar su a mararraba, ta shiga gida, ta yayyage wani tsohon zanen mahaifiyarta ƙyalle-ƙyalle, ta shiga gona.

Ta fara da bakin shinge. Ƙullin nan ya fi ja, amma itatuwan sun tsufa, saiwarsu ta yi nisa, wataƙila su jure ko ba a ba su ba. Ko kuma sun riga sun mutu ne, ruwan ya tafi a banza. Ta gangara rafi. Na nan farare ne har yanzu, kamar ba abin da ke damunsu. Ko dai laimar rafin ta ishe su, ba sa bukata, ko kuma su ne kaɗai suka rage da rai, su ya kamata a ceta. Ta ɗaura ƙyalle a layin farko na tsakiya, ta yi taku goma, ta dawo ta kwance. Ta tsaya da shi a hannu.

Mahaifinta ya iso bayanta, ya daina dariya tun a hanya. Ya kama reshe ɗaya, ya matse ƙulli tsakanin farce biyu, ya duba, ya sake matse wani.

"Wannan da ruwa a cikinsa," ya ce. "Wancan na sama ya bushe. Ina jin na ƙasa za a ba."

"Ka tabbata?"

Ya saki reshen.

"A'a."

Ta miƙa masa rabin ƙyallen. Suka fara ɗaurawa daga tsakiya suna gangarawa, shi a layin dama ita a na hagu, layi huɗu cikin talatin da shida. Sauran layukan kuwa, wuce su suka yi ba su kalla ba.